Rigar Da Na Juya

Jidda, Shawwal 1387

Zuwa ga Mastura, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan randata a tsakar zafin Jidda, wadda sunanta ke riga numfashi fita daga bakina. Assalamu alaiki.

Na san ko rubutuna ba kya son gani. Na kuma san abin da ake faɗa a lungunan unguwar Balad: wai Haladu direba ya sa mahaifinki Baba Hamad ya tara dattawa ranar Juma'a bayan la'asar don neman aurenki, aka shimfiɗa darduma, aka dafa gahawa, ta huce, aka sake ɗorawa, har magariba ta watsa taro, ba Haladu ba waliyyinsa. Wai na tsere! Ni? In tsere in je ina, alhali duk hanyar da na hau a ƙofarku take ƙarewa? Na zo in yi bayani, yayanki Husaini ya tare ƙofa da kafaɗa ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ya Haladu. Yalla, kama gabanka." Tun daga lokacin na kasa zama. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in tsinci kaina a bakin lungunku ina kallon tagarki kamar wanda ya yar da wani abu. Shi ya sa na roƙi Inna Dela mai ƙosai ta sa wannan takarda a hannunki. Don girman Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki hura gawayi da ita.

Kin tuna ranar Litinin da gari ya fita roƙon ruwa? Liman ya juya mayafinsa, jama'a suka juya nasu, ciki ya koma waje, muna roƙon Allah Ya juya mana hali kamar yadda muka juya tufa. Ni ba mayafi gare ni ba, sai na juya rigar sanyina mai jan shafi. Kowa ya isa gida ya gyara tasa, ni kuwa na manta. Haka na ratsa kasuwa tun daga ƙofar Bab Makka, ina taƙama, aljihuna na reto a waje kamar kunnuwan akuya. Sai na ji dariya daga bayan katakon tagarki. Wayyo wannan dariya! Da ana zuba ta a kwalba, da masu turaren Balad sun rufe shaguna. Kika ce, "Ya Haladu, an idar da salla tun ɗazu, ko kai naka roƙon bai ƙare ba?" Ashe gaskiya kika faɗa, bai ƙare ba.

Da kika ji zan hau Ɗa'ifa ranar Alhamis, kika aiko Inna Dela ta ce kar in je, an roƙi ruwa kuma duwatsun gabas sun yi duhu. Na yi dariya, Allah Ya yafe min. Ni ɗan Mai Wurno ne ta ƙasar Sudan, a bakin Kogin Nilu na girma, kuma a wajenmu in sanyi ya shigo an rufe maganar ruwa sai baɗi. Bakina ya roƙi ruwa a sahu, amma ƙashina bai yarda ana ruwa da sanyi ba. Ke da aka haifa a nan kin fi ni sanin samanku. Abin da ya kai ni kuma ba wani abu ba ne, so nake in shigo gidanku da zumar Ɗa'ifa ta Baba da ruwan wardi na Umma, in biya Makka in ɗauko kawuna Usuman, wanda shi ne waliyyina, a ce yaron nan ya san ya kamata.

Da safiyar Juma'a na kamo gangaren dutsen Hada. Ban yi nisa ba hazo ya rufe dutsen, fari fat, har hancin motar na daina gani. Sai ƙanƙara ta sauko tana dukan rufi kamar ana jifa da tsakuwa. Hagu dutse, dama kwazazzabon da ba a ganin ƙarshensa, hanya kuwa ta yi santsi, kwana na bin kwana. Na sa ƙaramar giya, na taka birki, sai na ji gindin motar yana zamewa yana neman wuce kanta. Yatsuna sun daskare a kan sitiyari. Tun daga sama addu'ata ɗaya ce: ya Allah Ka kai ni Jidda kafin la'asar. Ina faɗa ina duba agogo, kamar ni ne zan tsara wa Ubangiji lokaci. Amma da tayar baya ta taɓa bakin kwazazzabo, na ji duwatsu suna gangarawa ƙasa ban ji saukarsu ba, sai agogo ya fita daga raina. Na ce, ya Hayyu ya Ƙayyumu, Ka kai ni wurin Mastura da raina, ko yaushe Ka so.

Na sauko lafiya. A gindin dutsen ko ɗigo ba a yi ba, rana ma tana leƙowa, ga kwarin Nu'uman a gabana busasshe ƙayau. Na ce alhamdu lillahi, har yanzu zan cim ma la'asar. Ina dab da shiga kwarin inji ya yi tari ya mutu. Na murɗa makulli, shiru. Na buɗe kan motar, na taɓa duk abin da direba ke taɓawa, na lallashe ta, na zage ta, ta ƙi. Mastura, ba zan ɓoye miki ba, na ɗaga kai sama ina kuka ina cewa, ya Rabbi, Ka fid da ni daga dutse don Ka kunyata ni a fili?

Ban rufe baki ba na ji ruri daga bayan duwatsu. Ruwan da ya zuba a sama ne ya taru ya biyo kwarin, ja wur, ya fi tsayin mutum, yana tafe da itatuwa da duwatsu da raƙumi ƙafafu a sama. Ya share daidai inda zan kasance da motar ta tashi. A nan bakin kwarin na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba. Addu'a biyu na yi a ranar, ta mai gaggawa da ta mai tsoro, Allah Ya zaɓar min wadda ta fi.

Hanya ba ta buɗe ba sai Lahadi. Wani makiyayi ne ya raba gurasarsa da ni. Da ruwa ya janye na murɗa makulli sau ɗaya, motar ta tashi kamar ba ita ba. Kawu Usuman yana nan tare da ni yanzu, a shirye yake ya durƙusa gaban Baba. Zumar ma tana nan, ko tulu ɗaya bai fashe ba.

Ya farin watana, ya inuwata, wane ne zai gaya wa Baba wannan ya saurara in ba ke ba? Kunyar da ya sha a gaban dattawa ni na jawo ta, da na ji maganarki da ba a yi ba, kuma zan ɗauki duk hukuncin da ya yanke. Amma kar ki bari a ce na guje ki. Shin Wanda Ya riƙe tayata a bakin kwazazzabo, Ya kashe min inji a bakin kwari, Ya yi duk wannan ne don in zo in mutu a tsaye a bakin lungunku? Na roƙa a kawo ni wurinki. An kawo ni har ƙofa, saura taki.

Gobe bayan la'asar ki leƙo ta tagarki. Za ki ga wani mutum a tsaye da rigar sanyi a juye, jan shafi a waje, aljihu na reto, 'yan kasuwa suna nuna shi. Na juya ta tun a bakin kwarin, kuma wallahi ba zan mayar da ita daidai ba, ko sanyi ya wuce, ko zafin Jidda ya dafa ni a cikinta, sai ranar da na sake jin dariyar nan daga bayan katako.

Naki, a dutse da kwari, yau da gobe har ranar da za a juya ni dama,

Haladu