Babanku Ya Ƙi Sa Hannu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ƙawata jikata sarkin rigima, Allah ya ƙara muku lafiya. Yayanki ya fara aikin nan, matarsa ma jiki ya yi nauyi. Amma ba wannan ne ya sa na rubuto miki ba.

Babanku ne. Kar ki tashi hankalinki, yana nan, har faɗa yake. Shekaranjiya da hantsi yana kan gini ya sauko ya zauna dafe da ƙirji, gumi sharkaf. Abokan aikinsa suka kai shi asibiti wajen gaggawa, na bi su ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Likita ya tambaye shi jiki, kin san halinsa, wai da sauƙi. Aka ce daga ɗaya zuwa goma ciwon ya kai nawa, ya ce shi bai taɓa auna ciwo ba, a rubuta biyu. Mutum leɓe ya bushe ƙamas! Har an nuna mana benci mu jira, sai wata nas, babbar mace, ta kalli hannunsa duk siminti, ta ja kujera ta zauna daidai fuskarsa. Ta tambaye shi in buhun siminti aka ɗora masa a ƙirji, guda nawa yake ji. Ya ce za su kai huɗu, ɗaya ma ya zame ya danne hannun hagu. Wallahi bai rufe baki ba aka tura shi ciki a guje.

Yanzu sun ce jijiyar zuciya ce ta toshe, jibi za su buɗe ta, amma sai ya sa hannu. Ya ƙi. Wai ya bar bango rabi. Nas ɗin nan an mai da ta wani ɓangare, sauran kuwa maganar likitoci suke zuba masa, yana ta gyaɗa kai, ba abin da ya shiga. Ni na yi magana ya ce in rufa masa baki. Ke yake ji, Auta. Ki kira shi yau ɗin nan, ba gobe ba. Kar ki ce yaya jiki, ki yi masa maganar da zai gane, ko da bututun ruwa ne ki kwatanta masa.

Gwaggonki na gaishe ki, da yayanki da matarsa. Ki shafa min kan ƙawata. Bari in koma ɗakin, takalmansa na cikin jakata, amma mutumin nan ko ba takalmi fita zai yi.

Ni ce,
Innarki