Kiran Farko Daga Roni

Laraba, bayan isha'i

'Yan takardun da na rubuta lambar wayata na saka cikin ƙullin daddawa sun yi amfani. Yau wata Hajiya ta kira daga Roni. Ta ce an kai mata tsarabar daddawarmu daga kasuwar Gwiwa, tana son mai yawa ta biki.

Tun rasuwar Inna nake jiran irin wannan kiran, don kada sana'arta ta mutu a hannuna. Ya zo, amma ko murna ban ji ba.

Da za mu yi sallama ta ce, "'Yata, gaishe min da Inna. Na daɗe da sanin hannunta, bai canza ba."

Na ce, "Za ta ji, Hajiya."

Na ajiye wayar, na koma wankin kalwa.