Wata Biyar Ana Ba Yayana Maganin Olsa

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu shagunan magani na cikin garin Bauchi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Yallaɓai, ina rubuto maka ne a kan yayana, tela a Ƙofar Dumi. A tsorace nake rubutun nan.

Na ɗaya. Wata biyar da suka wuce ya fara jin ciwo a saman cikinsa, yana ratsawa har baya. Mai kemis ɗin layinmu ya ce olsa ce, ya ba shi kwalbar magani. Abinci ya fita ransa, ya rame har sau biyu yana rage ƙugun wandunansa da kansa. Duk ƙarewar kwalba a ba shi wata, ba a taɓa ce masa ya je asibiti ba.

Na biyu. Idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, jiki na ƙaiƙayi. A gida aka ce ciwon shawara ne, wai idan aka yi wa mai shi allura mutuwa yake yi. Tsoron allura ya sa muka riƙe shi mako uku muna dafa masa saiwoyi. Wannan laifinmu ne, har da ni mai karatun boko. Amma mai kemis ya ga idanun nan, ya sake miƙo kwalba.

Na uku. Da muka kai shi asibiti aka ɗauki hoton cikinsa, likita ya ce kansa ce, wato ciwon daji, a fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Ya ce cutar ba ta cika bayyana da wuri ba, kuma mai fatan tsira shi ne wanda aka yi wa tiyata kafin ta yaɗu.

Na san ba kowane ciwon ciki ne kansa ba, ba kuma hukunta kowa nake nema ba. Roƙona, ku umarci mambobinku: wanda ya zo da rama ba dalili, ko ciwon cikin da ya ƙi jin magani, ko ɗorawar ido, su tura shi asibiti a ranar.

Litinin za a gaya mana ko cutar ta kai hanta. Jiya yayan nawa ya tambaye ni ko ya karɓi ɗinkin Sallah.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare iyalinka daga irin wannan jiran.

Wassalam.

Ƙanin majinyacin,
Ƙofar Dumi, Bauchi.