Faretin 'Yan Tsaki

Litinin, 10 ga Maris, 2025

'Yata Glory lafiya, sai ɗan tarin da ya ƙi tafiya. Ɗana Ɗanjuma ya kira daga bariki ya ce lafiya, amma muryarsa kamar ta mai mura. Jessica da mijinta a Kaduna lafiya. Ni ƙafa ce kawai. Baban Jessica ne dai ba lafiya, tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama bayan Kirsimeti. Yana kwance, fuska ga bango. Likita ya ce ya riƙa takawa da sanda, ya ƙi. Ni ma gaskiya ba na matsa masa. Tsoron faɗuwa nake yi.

Jessica ta ce in Ista ta zo bai tashi ba, za ta zo da mota ta tafi da shi Kaduna, kusa da asibiti. Ni ba zan iya binsu ba, ga makarantar Glory, ga gona, damina na tafe. Mutumin da duk yawon soja bai raba shi da garinmu Rikoto ba, yanzu a ɗauke shi kamar buhu.

Yau na karɓo 'yan tsaki ashirin wurin Malam Abdulrashid mai abincin kaji, na gidan gona, irin masu jure kiwon gida. Ko don ƙwan da likita ya ce a riƙa ba Baban Jessica. Ban taɓa kiwon waɗanda inji ya ƙyanƙyashe ba. Suna cikin kwali a ɗakin girki, da fitilar ƙwai a gefe.

Laraba, 12 ga Maris

Malamar ajinmu na manya ta ce mu riƙa rubutu kullum don kada hannu ya manta. To ga shi. Ɗan tsako ɗaya ya mutu, ƙaramin da ba ya buɗe ido.

Asabar, 15 ga Maris

Monica maƙwabciyata ta leƙo, ta ce, "Maman Jessica, gasa su za ki yi? Da wannan zafin har da fitila da rana?" Ta nuna mini: in sun taru sun cure wuri ɗaya, sanyi ne, in sun watsu suna buɗe baki, zafi ne. Nawa duk bakinsu a buɗe. Na kashe fitilar, amma sai da ta fita, don kada ta ji daɗi.

Na kai wa Baban Jessica ɗaya a tafin hannuna ya gani. Bai juyo ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Suna ci kamar fara. Gashin fukafuki ya fara fitowa. Na sauya musu ɓuntun shinkafar da suke kwana a kai, na ba su maganin rigakafi a ruwa yadda Malam Abdulrashid ya ce. Yana azumi, bakinsa a bushe, amma sai da ya maimaita mini har na riƙe.

Baban Jessica ya ci tuwo loma kaɗan ya ture.

Talata, 25 ga Maris

Kwali ya yi musu kaɗan, sun fara tsattsagar wutsiyar juna. Monica ta ce su sha rana. Na fito da su gindin mangwaro, na jingine babban kwando da ice don su sami wurin fakewa, na shiga ɗauko ruwa. Kafin in fito shirwa ta sauko. Ta ɗauki ɗaya ta tashi, sauran suna nan tsaye suna kallon sama kamar an zo musu da baƙo. Ko gudu ba su yi ba.

Monica ta ce ai dole. Na gida uwarsu ce ke yin ƙara su ruga ƙarƙashinta. Waɗannan ba wanda ya taɓa gaya musu akwai abin tsoro a sama.

Ashe Baban Jessica yana kallo ta taga. Da na shiga ya yi magana, bakin a karkace, sai da ya sake kafin na gane. "Wawaye," ya ce. Ban san ko da su yake ko da ni ba. Amma ya yi magana.

Laraba, 26 ga Maris

Ta sake ɗaukar ɗaya. Ina tsaye da tsintsiya a hannu.

Juma'a, 28 ga Maris

Tun safe yake nuna akwatinsa na ƙarfe. Na fito da kaki, ya girgiza kai. Takardun fansho, ya girgiza kai. Sai da na zazzage komai a tabarma ya sa hannun hagu ya ɗauki usur, wanda yake busa wa kurata lokacin yana Saje. Na ce a raina ko ciwon ya hau kai.

"Waje," ya ce.

Na ce rana. Na ce ƙofar akwai tudu. Ya dube ni irin duban da na sani tun ina amarya. Ni da Monica muka kama shi muka zaunar a kujera gindin mangwaro. Ya sa na watsa ɓarzajjiyar masara a ƙarƙashin kwandon kawai, ba ko'ina ba, sannan ya busa. Iskar tana zurarewa ta gefen baki, ƙarar ta fito kamar ta ɗan akuya. Monica ta juya baya tana dariya.

Ya ce kada in sake ba su abinci sai ya busa. Wai ni yake ba umarni.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ga yadda suke yi. Ya busa, in watsa masara cikin kwando, su ruga. Wanda ya makara ya nuna shi da sanda, yana faɗa, rabin maganar ba a ganewa. Akwai wani ja mai taurin kai, ya sa masa suna Kofur. Monica in ta shigo sai ta ƙame ta sara, ta ce, "Saje, yau wa za a kai gadurum?" Jiya ya ce mata, "Ke."

Ya cinye tuwonsa. Ya nemi ƙari ma, amma miyar ta ƙare.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ya faɗi.

Ina wanki a bayan ɗaki na ji ƙarar kujera. Wai Kofur ne ya bi ta rariya zai fita, shi kuma ya tashi da sanda zai tare shi. Na same shi a ƙasa, gwiwa ta goge tana jini. Na ce shi ke nan, an gama fareti, kaji dai nama ne. Na mayar da su ɗakin girki, shi ma na mayar da shi gado, na ɓoye usur a cikin tukunyar daddawa.

In Jessica ta ji me zan ce mata?

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ban je coci ba. Fuska ga bango. Bai taɓa koko ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Har yau ruwa kawai yake sha, sai magani. 'Yan tsakin ma a ɗakin girki sun koma cizon juna, ɗaya har ya yi jini. Monica ta ce, "Maman Jessica, ciwon gwiwa ai warkewa yake." Ta ɗauki turmin da ta zo aro ta fita.

Da la'asar na wanke usur ɗin na ajiye masa a kan filo. Ya sansana ya ce, "Daddawa."

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ina tsince wake a bakin ƙofa, shi yana kujerarsa. Na ga inuwa ta gifta a ƙasa. Kafin in buɗe baki ya busa, wannan karon da ƙarfi, har kunnena. Suka kwasa gaba ɗaya suka shige kwando, ba ko ƙwayar masara a ciki. Shirwa ta sauko ta tarar da fili, ta yi shawagi ta wuce gidan wasu.

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ba su ladansu." Na kawo masara.

Da yamma ya taka daga kujera har bakin rijiya, wai zai duba inda za a yi musu akurki. Ina biye da shi da hannuwa a buɗe, ya ce in matsa, ina tare masa iska.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na je kasuwa sayen abincinsu. Na tsaya wurin masu ragar waya ina taya ta akurki, na biya ta wurin 'yar'uwata muka yi hira. Sai a kan babur, a hanyar dawowa, na tuna na bar shi a waje shi kaɗai. Ba wai na manta ba ne. Hidima ce ta yi yawa.

Na tarar ya ja kujerar da kansa ya bi inuwa. Ɓawon gwiwar ya bushe. Ya ce na daɗe, sojoji na jin yunwa.

Na rubuta wa Jessica saƙo a waya, da hannuna, ban jira Glory ba. Na ce: Ki zo Ista mu ci shinkafa, amma maganar tafiya da Baba a dakata tukuna. Ya faɗi sau ɗaya, ban ɓoye miki ba, kuma wataƙila zai sake. Yana da aiki a nan. Ki ba ni amsa kafin Alhamis, don in san ko kayansa zan wanke ko mai ginin akurki zan kira.

Ba ta amsa ba tukuna. Yana can yana kira, wai ruwansu ya yi zafi.