Fakitocin Yakubu

Tudun Jukun, 4 ga Maris, 1991

Yaya Malam Sabo,

Bayan gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Takaba ce ta hana ni fita, da ƙafata za ka gani a Ƙofar Doka, ba takarda ba.

An ce jiya wajen rabon gadon mijina kun buɗe gwangwanin nan. Fakiti talatin ne a ciki, na katunan 'yan wasan ƙwallon sanda, waɗanda ƙanenka Yakubu ya zo da su daga karatu a Amurka. Shekara goma sha tara yana kare su daga gara da danshi, bai taɓa yage ko ɗaya ba. Ku kuwa kafin la'asar kun gama da su. Wa ya ba ku izini?

Ummukulsum

Ƙofar Doka, 6 ga Maris

Malama Ummu,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara haƙuri. Kin fi ni sani, ba a raba abin da ba a san cikinsa ba. Wasu ma cewa suka yi layu ne. Da muka buɗe, hotunan Turawa ne da sanduna, sai cingam da ya bushe. Ba abin da ya ɓata, duk an tattara miki.

Sabo

Tudun Jukun, 7 ga Maris

Yaya,

Na karanta babin gado, har na koyar da shi. Ban ga inda aka hana tambayar matar mamaci ba.

To ga abin da ke ciki. Ranar da ya kawo su ya ce ba za a buɗe ba sai ranar sunan ɗanmu. Ba mu haihu ba. Kowace damina yakan fito da su, ya goge, ya ce mini, “Ummu, da saura.” Ko da likita ya yanke mana ƙauna bai buɗe ba, don kada in gane shi ma ya haƙura. Ka riƙe hotunanka. Ba su nake nema ba.

Ummukulsum

Ƙofar Doka, 12 ga Maris

Ummu,

Wallahi ban sani ba. Uwarmu ɗaya, amma bai taɓa gaya mini ba.

Ashirin da tara muka buɗe. Ɗaya ya maƙale a ƙasan gwangwanin. Na tara magada, kowa ya yafe rabonsa. Ga shi 'yata Barira ta kawo miki, yadda ya bar shi. Ki yafe mini.

Sabo

Tudun Jukun, 13 ga Maris

Yaya,

Ya iso. Yafiya kuwa, ka ba ni lokaci. Ka aiko da gwangwanin, damina ta kusa.

Ummukulsum