Takin Kawu a Ƙarƙashin Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya jiki, ya iyali, ya zaman can? Mu nan Birnin Gwari sai godiya.

Yaya, na yi sakaci da amanarka. Tsatsa ta ci ƙasan jar motar tseren marigayi Baba. Da 'yan bindiga suka tashi Kawu daga Kakangi, ya zo da buhunan takin zamani. Tunda motar tana ɗage a kan bulo, na ce ya tura su ƙarƙashinta. Ban san taki yana jawo laima ya ci ƙarfe ba. Damina biyu suka yi a wurin.

Da bakanike ya danna ƙasan kujerar Baba, yatsansa ya shige. An kankare tsatsar, mai walda ya yi faci, aka shafa jan fenti da baƙin mai.

Kawu da kansa ya kwanta yana gogewa da burushin ƙarfe. Na ce, "Kawu, ka fito, ba laifinka ba ne."

Ya ce, "Bar ni. Takin da bai ga gona ba, dole ya ci wani abu."

Ka yafe mini. Ka gaida Anti da yara. Ku sa mu a addu'a, Allah ya maida Kawu gonarsa.

Ƙaninka.