Kuɗin Binne Zafi a Ƙasa

Aziziyya, daren Laraba

Yau kwana huɗu ke nan mukayyif ɗinmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya daina sanyi, ga Inna za ta iso umra ranar Asabar, ita da hawan jininta. Na ce wa Abban Hafsa ya kira mai gyara, ya ce ai ya samo maganin abin gaba ɗaya. Wai a waya ya ga na'urar da ake binne bututunta can cikin ƙasa, ta riƙa zuƙe zafin gida tana turawa can, kuɗin wuta ya ragu. Kwana biyu yana yi min bayani kamar na zo ɗaukar karatu.

Bayan la'asar ya kawo wani injiniya Bamisire, har da sa ni dafa shayi. Mutumin ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Ya ustaz, ina filin naka?" Abban Hafsa ya ce a hawa na huɗu muke, kuma haya. Injiniyan ya ce ko da filin ne, ƙasar nan dutse ce zalla, haƙar ce mai cin kuɗi. Ya rubuta jimla a takarda ya miƙa masa. Abban Hafsa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Da kuɗin Masar ka rubuta?" Ya ce a'a, da riyal.

Ina bayan labule na toshe baki da mayafi, har hawaye na yi.

Da ya raka shi ya dawo, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce dama bincike kawai yake yi, mai gyara zai zo gobe da safe. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta a kan Inna.

Takardar kuwa na adana ta a jakata. Duk ranar da ya ce cefanena ya yi tsada, ita zan ɗauko.